Yadda Ganye Yake Zama Tulu: Bayani A Kan Tsire-tsire Masu Kama Ƙwari

Duk malamin da ya taɓa koyar da ilmin tsire-tsire ya san yadda akan fara darasin ganye. Akan tsinko na mangwaro ko na ɗorawa a ɗora bisa tebur, a ce wa ɗalibai ganye shi ne wannan abu kore, shimfiɗaɗɗe, wanda yake karɓar hasken rana. Bayanin ya isa ga yaran firamare. Amma a kwalejin horon malamai ba ya daɗewa sai ya yi tuntuɓe, gama akwai ganyayen da ba su shimfiɗu ba ko kaɗan, kuma a cikinsu babu wanda ya kai na tsire-tsire masu tulu ban mamaki. Ganyen waɗannan yakan girma ya zama wani mazubi mai ciki da baki da leɓe, da murfi a sama, da ruwa a ciki, ƙwari su faɗa su mutu, tsiron ya narkar da su ya sha. Nufin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda ganye yake kai wa ga wannan siffa, da abin da ke sa tsiro ɗaya ya yi tulu yau, gobe ya ƙi yi, da kuma abin da masana suka koya daga ganyayen da suka fito a karkace, ba su zama tulu ba, ba su kuma zama ganye sosai ba.

Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa waɗannan tsire-tsire ba sa fitowa a ƙasar Hausa, don haka ba su da suna a harshenmu. Sunan "mai tulu" da aka yi amfani da shi a nan lakabi ne na siffa. Dangi uku ne manya. Na farko shi ne Nepenthes, wanda yake da iri fiye da 160, yawancinsu a tsibiran Borniyo da Sumatara da Filifin, kaɗan a Indiya da Siri Lanka da arewacin Ostireliya, biyu a Madagaska, amma babu ko ɗaya a ainihin nahiyar Afirka. Na biyu shi ne Sarracenia na fadamun gabashin Amurka da Kanada, tare da 'yan'uwansa biyu, Darlingtonia na yammacin Amurka da Heliamphora na kan duwatsun Benezuwela da maƙwabtanta. Na uku iri ɗaya ne tak, Cephalotus follicularis, ɗan ƙaramin tsiro da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kusurwar kudu maso yamma ta Ostireliya, wajen garin Albany.

Mai duban hotunansu zai ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba haka abin yake ba. Nepenthes yana cikin babban rukunin da ya haɗa alayyafo. Sarracenia kuwa rukuninsu ɗaya da kaɗanya da kanya da itacen shayi. Cephalotus yana wani rukuni na uku dabam. Watau sau uku ke nan aka kai ga tulu, kowane dangi ta hanyarsa, daga kakannin da ganyensu shimfiɗaɗɗe ne. Wannan shi ya sa tambayar ta yi nauyi: idan siffa mai wuyar ƙira kamar wannan ta bayyana har sau uku, to lalle akwai wata hanya a cikin yadda kowane ganye yake girma wadda take buɗe ƙofar hakan.

Fure ne, ko 'ya'ya, ko ganye?

Bature na farko da ya rubuta labarin Nepenthes shi ne Etienne de Flacourt, gwamnan Faransa a Madagaska, a shekarar 1658. Da ya ga tulun yana reto a bakin ganye sai ya ɗauke shi fure ko ɗan itace. Ba abin zargi ba ne, domin launinsa ja ne da ɗigo-ɗigo, yana kuma fid da zuma kamar fure. Linnaeus ya raɗa wa dangin sunan Nepenthes a 1737, ya ɗauko shi daga sunan wani maganin gusar da baƙin ciki da aka ambata a tsohuwar waƙar Girkawa ta Homer. Shekaru da yawa bayan haka ana ta kirdado a kan amfanin tulun. Waɗansu suka ce randa ce da tsiron yake tanadin ruwa don ranar fari, waɗansu suka ce mafaka ce ta ƙwari. Sai a 1874 Joseph Hooker, shugaban lambun Kew na Ingila, ya bayyana wa taron masana a Belfast cewa ya jefa nama da farin ƙwai dafaffe a cikin tulun ya ga ruwan ya narkar da su. Shekara guda bayan haka Charles Darwin ya fid da littafinsa a kan tsire-tsire masu cin ƙwari, maganar ta zauna.

Amma zancen amfani dabam, zancen asali dabam. Shi kansa Hooker ya rubuta a 1859 cewa tulun wani ƙulli ne mai fid da ruwa da yake a ƙarshen jijiyar tsakiyar ganye, shi ne ya kumbura ya rarake. Yawancin masana ba su tsaya a kan wannan ra'ayi ba. Don a gane abin da suka tsaya a kai, sai a tuna cewa cikakken ganye kashi uku ne: gindi, inda ya kama kara; mariƙi, watau siririyar sandar da take ɗauke da shi; da faifai, watau shimfiɗaɗɗen ɓangaren da muka saba kira ganye. Idan aka dubi Nepenthes za a ga abu kore mai faɗi ya fito daga kara, jijiyarsa ta tsakiya ta wuce ta zama igiya, igiyar ta sauka ta lanƙwasa, tulu ya tsaya a ƙarshenta. Ido yana cewa abu mai faɗin nan shi ne faifai, tulu kuwa ƙari ne. Fassarar da ta fi karɓuwa ta juya wannan: abu mai faɗin gindin ganye ne da ya buɗe ya ɗauki aikin karɓar haske, igiyar tana matsayin mariƙi, tulun shi ne faifai na ainihi. Ƙarshen ganyen kuwa, watau tsininsa, shi ne wani ɗan ƙaho da ake gani a bayan murfi, daidai inda murfin ya haɗu da baki.

Hujja mafi sauƙin gani tana wurin ɗan tsiro. Idan irin Nepenthes ya tsira, ganyayen farko da suke biyo bayan ganyen iri ba su da igiya. Ɗan tulu ne ƙanƙane manne da ɓangaren mai faɗi, gefunan wannan ɓangare kuma suna zarcewa su hau gaban tulun su zama fikafikai biyu. Sai a hankali, ganye bayan ganye, igiya take bayyana tana raba su. Wanda ya jera ganyaye goma na farko bisa takarda zai ga abin da kansa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata malami ya riƙe, domin shi ne mabuɗin sauran maganar. Kowane ganye yana da fuska da baya. Fuska ita ce wadda take duban kara sa'ad da ganyen yake cikin toho, ita ce kuma take duban sama idan ya buɗe. A cikin dangogin nan uku, cikin tulu fuskar ganye ce, wajensa kuwa bayan ganye ne. Ƙwaron da ya faɗa ciki, a bisa fuskar ganye ya mutu. Kada a haɗa wannan da ganyen albasa, wanda shi ma bututu ne. Ramin albasa yana samuwa ne saboda naman tsakiyar ganyen ya ruɓe ya bar fili, ba shi da baki, ba shi kuma da fata mai aiki a ciki.

Yadda ramin yake samuwa

Kuskuren da ya fi yawa, har a waɗansu littattafan makaranta, shi ne a ce ganyen ya naɗe kamar yadda mai gyaɗa yake naɗe takarda ya yi mazurari, sa'an nan gefunansa suka haɗe. Da haka ne, da an ga ɗinki, da kuma an ga lokacin da ganyen yake shimfiɗe kafin ya naɗe. Ba a ganin ko ɗaya. Tun ganyen bai kai ƙwayar gero ba ramin yake farawa, kamar ɗan loɓawa a fuskarsa, bangon da ke kewaye da shi kuma ya yi ta tashi. Ya fi kama da aikin mai ginin tukwane, wadda take ɗaga bango kewaye da fili har wuya ya fito, babu inda ta naɗe wani abu.

Masanin Jamus Wilhelm Troll ya kawo bayani a 1932 wanda ya daɗe ana bi. Ya ce a dubi ganyen da mariƙinsa yake kama shi a ƙasan faifai maimakon a gefe. Mu a nan ba sai mun je nesa ba: ganyen zurma da na gwaza haka suke, kamar laima. A irin wannan ganye faifan ya kewaye kan mariƙi ta kowane gefe. To idan gefen laimar ya ƙi buɗewa, ya tashi sama, tsakiya ta zurfafa, ai an sami ƙoƙo; ƙoƙon ya ƙara zurfi, an sami tulu. Bayani ne mai gamsarwa, kuma a ganina har yanzu babu misalin da ya fi shi dacewa da allo, muddin malami ya san iyakarsa.

Abin da ya rage shi ne a san mene ne yake gaya wa ganye inda zai buɗe. A 1995 Richard Waites da Andrew Hudson, a Jami'ar Edinbara, suka yi nazarin wani furen lambu mai suna Antirrhinum wanda wata ƙwayar gadonsa ta lalace. Ganyayensa da yawa suka fito kamar allura, zagayayyu, babu faifai. Da suka duba sai suka tarar ganyen baya ne duk kewayensa, fuskar ta ɓace. Daga nan suka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: faifai yana fitowa ne a kan iyakar da fuska da baya suka haɗu. Inda babu wannan iyaka babu shimfiɗa. Idan iyakar layi biyu ce, dama da hagu, sai a sami ganye irin na mangwaro. Idan ta zagaye ta zama zobe, sai girman ya bi zoben, a sami laima ko ƙoƙo.

Da wannan ƙa'ida a hannu, masana suka zaci cewa a tsiro mai tulu za a tarar fuskar ta tsuke tun farko ta zama ɗan tsibiri, baya ya kewaye ta. Kenji Fukushima da Mitsuyasu Hasebe da abokan aikinsu a Okazaki ta ƙasar Japan suka gwada wannan a kan Sarracenia purpurea, suka buga sakamakon a 2015. Abin da suka samu ya saɓa wa zaton. A farkon farawa ƙwayoyin gadon da suke shata fuska da baya suna aiki a wuraren da suke aiki a ganye shimfiɗaɗɗe. Bambancin ya fito ne a yadda ƙwayoyin halitta na ƙarƙashin fuska suke rabuwa. A sashen sama na ɗan ganyen suna rabuwa ta yadda sababbin suke jeruwa gefe da gefe, fatar ta faɗaɗa, gefuna su lanƙwaso su kewaye rami. A sashen ƙasa kuwa suna rabuwa ta yadda sababbin suke hawa kan juna, sai wani tudu ya ɓullo a tsakiyar fuska ya yi gaba. Haɗuwar waɗannan girma biyu ita ce take ba da bututu mai fiffike ɗaya a gabansa, kamar yadda ake gani a kowane Sarracenia. Suka kwaikwayi abin a kwamfuta, suka ga canja alƙiblar rabuwar kaɗai ya isa ya haifar da siffar.

Ma'anar wannan ita ce misalin zurma bai rufe maganar duka ba. Hanyar zuwa tulu ba ɗaya ba ce. Cephalotus ma shaida ne: murfin Nepenthes da na Sarracenia suna wajen ƙarshen ganye, amma na Cephalotus yana fitowa daga wajen gindin faifai, kusa da inda mariƙi ya kama, har ya zama mariƙin yana riƙe da tulun ta ƙeya. Murfi ne a nan, murfi ne a can, aikinsu ɗaya, asalinsu ya bambanta.

Abin da tulu yake ci wa tsiro

Kafin a zo kan dalilin da ke sa tsiro ya fasa yin tulu, sai a gyara wata kalma. Mukan ce suna "cin" ƙwari, ɗalibi kuwa ya ɗauka ƙwarin ne abincinsu. Abincinsu daga hasken rana da iska da ruwa suke haɗa shi, kamar kowane koren tsiro. Ba irin ƙuduji ko kauci ba ne, masu tsotson jikin wani tsiro. Abin da suke nema a jikin ƙwaro shi ne taki, musamman naitirojin da fosfaras, domin ƙasar da suke zaune a kai, ko dausayi mai tsami ko rairayin da ruwan sama ya wanke, ba ta da shi. Tulu ramin taki ne da tsiro ya rataya a jikinsa.

Ramin nan kuwa yana da tsada. Akwai leɓe mai tsaga-tsaga wanda, kamar yadda Holger Bohn da Walter Federle suka nuna a 2004, ƙwaro yana tafiya a kansa lafiya idan ya bushe, amma da ya jiƙe da ruwan sama ko raɓa sai ƙafa ta zame. Akwai bangon ciki mai kakin da yake toshe ƙafafun ƙwaro. Akwai dubban ƙulle-ƙulle a ƙasa masu fid da ruwan narkarwa su kuma tsotse abin da ya narke. Akwai zuma da launi. Duk wannan da abincin tsiron ake gina shi, kuma tulu ba ya haɗa abinci da haske kamar yadda shimfiɗaɗɗen ganye yake yi. Thomas Givnish da abokansa suka tsara lissafin a 1984: kama ƙwari ba ya biyan kuɗinsa sai inda rana ta wadata, ruwa ya wadata, taki kaɗai ya yi ƙaranci. Idan ɗaya daga cikin ukun ya canja, ribar ta tafi. Masu renon Nepenthes a gida sun san wannan ba tare da lissafi ba: a ajiye shi a inuwa ko a busasshiyar iska, ganye zai fito kore shar, igiya ta miƙe, amma ɗan tulun da ke bakinta ya bushe tun bai kumbura ba.

Gwajin da ya fi bayyana wannan shi ne na Aaron Ellison da Nicholas Gotelli, wanda aka buga a 2002. Sun zuba naitirojin a cikin tulunan Sarracenia purpurea a fadamun arewa maso gabashin Amurka. Sababbin ganyayen da suka fito sai bututunsu ya tsuke, fiffiken nan na gaba ya faɗaɗa, har a inda takin ya yi yawa ganyen ya zama kusan fiffike zalla. Waɗannan ganyaye kuma sun fi tuluna haɗa abinci da haske. Idan aka tuna binciken Japan da aka ambata a sama, abin ya dace: girma biyu ne suke gina ganyen, na rami da na tudu, taki ya karkata ma'aunin zuwa ɗaya. Masu binciken suka lura cewa tun da hayaƙin masana'antu da motoci yana sauko da naitirojin cikin ruwan sama, ana iya auna faɗin fiffike da faɗin baki a san yawan abin da ke sauka a wata fadama. Waɗansu irin Sarracenia, kamar flava da oreophila, ba sa jiran a zuba musu taki. Kowace shekara, idan lokacin kamu ya wuce, sukan fid da ganyaye shimfiɗaɗɗu marasa rami.

Ganyen da ya tsaya a tsakiya

Cephalotus shi ne ya fi kowa amfani ga mai bincike, gama a kan kara ɗaya yana fid da ganye iri biyu da suka rabu sarai: shimfiɗaɗɗe mai kama da cokali, da tulu da bai wuce babban yatsa ba. Ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, tun da jiki ɗaya ne. Fukushima da abokansa, a aikin da suka buga a 2017, sun rene shi a ɗakin gwaji suka ga cewa a zafin digiri 15 yawancin ganyayen shimfiɗaɗɗu ne, a digiri 25 kuwa tuluna suka yawaita ƙwarai. Da haka suka sami damar kwatanta ƙwayoyin gadon da suke aiki a kowane iri. A cikin wannan aiki ne kuma suka nuna cewa sinadaran narkarwa na dangogin nan uku an ɗauko su daga sinadaran da tsire-tsire na yau da kullum suke kare kansu da su daga cuta, dangogin da ba su da kusanci suka zaɓi kusan kayan aiki iri ɗaya.

Jifa-jifa Cephalotus yakan fid da ganye na uku, wanda bai zama wannan ba bai zama wancan ba: cokali mai ɗan aljihu, ko mazurari marar murfi, ko tulu mai bakin da bai ƙaru ba. Masu lambu sukan ɗauke shi nakasa su tsinke. Amma tun a 1881 Alexander Dickson, malamin ilmin tsire-tsire a Edinbara, ya gane darajarsa. Da irin waɗannan ganyaye ya bi sawun kowane sashe na tulun ya nuna daga wane sashen ganye ya fito, domin ganyen da ya tsaya a rabin hanya yana nuna hanyar. Dalilin fitowarsu ne ya daɗe a ɓoye. A 2021 Fukushima da abokansa suka ba da rahoton cewa tsiron alamu biyu yake karantawa, zafi da tsawon yini. A ƙasarsa waɗannan biyu tare suke tafiya, dogon yini da zafi, gajeren yini da sanyi. Da aka raba su a ɗakin gwaji, aka ba shi alamun da suka saɓa wa juna, sai karkatattun ganyaye suka ƙaru. Umarni biyu ne suka iso wa toho a lokaci guda, ya ɗauki wani abu daga kowanne. Ganye irin wannan bai iya kamu sosai ba, bai kuma kai shimfiɗaɗɗe karɓar haske ba, hasara ce ta fuska biyu. Masu binciken suka ja hankali cewa ɗumamar duniya tana canja zafi amma ba ta taɓa tsawon yini, don haka saɓanin da aka ƙirƙira a ɗakin gwaji yana iya aukuwa a daji, ga tsiron da dama mazauninsa ɗan ƙanƙane ne.

Ko a tsire-tsiren da ba su da alaƙa da cin ƙwari akan ga ganye ya fito kamar ƙoƙo. Ana ganinsa jifa-jifa a kabeji, Maxwell Masters kuwa ya tara misalai da dama a littafinsa na nakasar tsire-tsire a 1869. A Indiya akwai wani ɓaure da ake dangantawa da Kirishna wanda kowane ganyensa yana da aljihu, sai dai a nasa bayan ganye ne a ciki. Saboda haka ɗalibin da ya kawo wa malami ganye mai siffar mazurari daga lambun makaranta ya kawo abin nazari, ya cancanci a matse shi a takarda a ajiye, a rubuta ranar da wurin.

Tulun ƙasa da tulun sama

Wani canjin kuma da shekaru yake tafiya. Kowa ya san ɗan kuka yana fara rayuwa da ganye guda-guda, sai ya girma yake fid da mai yatsu. Nepenthes ma haka yake, amma a tulu abin yake bayyana. Yana ƙarami yakan yi tuluna masu ƙiba da suke zaune a ƙasa, da fikafikai biyu masu geza a gaba, igiyar kuma tana haɗuwa da tulun ta gefen da baki yake duba. Da karan ya fara hawa, wani iri har mita 10 ko fiye, sai tulun ya koma siriri kamar mazurari, fikafikan su shafe, igiyar ta koma ta baya, ta kuma yi naɗi ɗaya a tsakiya wanda take kama reshe da shi. A nan ganye ɗaya yana aiki uku: karɓar haske, hawa, da kamu. Na ƙasa ya fi samun masu rarrafe, na sama masu tashi. Bambancin yakan yi yawa har masu tara samfur na dā suka riƙa ba tsiro ɗaya suna biyu.

A Borniyo siffar tulun ta bi hanyoyin da suka wuce kamun ƙwari. Nepenthes rajah na Dutsen Kinabalu yana ɗaukar ruwa har lita 3.5. Tulun sama na Nepenthes lowii yana da faffaɗan baki da murfi da ya koma baya yana fid da wani farin maiƙo. Wata 'yar dabba mai kama da kurege takan hau ta lasa, ta yi kashi a ciki, Charles Clarke da abokansa kuwa suka ƙiyasta a 2009 cewa kashi 57 zuwa 100 cikin ɗari na naitirojin ganyen daga nan yake. Manomin da ya ba makiyayi masauki a gonarsa da rani don shanu su bar masa taki zai gane cinikin nan take. Nepenthes hemsleyana yana ba wani ƙaramin jemage wurin kwana a kan sharaɗi iri ɗaya. Nepenthes ampullaria ya mai da murfinsa gefe, ya jera tuluna a ƙasa suna tarbar busassun ganyayen da suke faɗowa. A 2022 kuma aka bayyana Nepenthes pudica daga arewacin Kalimantan, wanda yake yin tulunansa a ƙarƙashin ƙasa.

Malamin da yake so ɗalibansa su ga wani abu daga cikin wannan da idonsu ba lalle sai ya jira samfur daga ƙetare ba. A Afirka ta Yamma akwai ɗan'uwan Nepenthes na nesa, Triphyophyllum peltatum, a kurmin Saliyo da Laberiya da Kodebuwa. Ganye iri uku yake yi a rayuwarsa, dogo shimfiɗaɗɗe, da siriri mai danƙon kama ƙwari, da mai ƙugiya biyu don hawa, masana a Hanoba da Wurzburg na Jamus kuwa suka nuna a 2023 cewa ƙarancin fosfaras ne yake sa shi fid da na kamu. Mafi kusa da mu shi ne Utricularia, wani tsiron ruwa marar saiwa da ake samu a tafkuna da kududdufan damina na ƙasashenmu, mai ganye kamar zare da 'yan jakunkuna da ba su wuce milimita kaɗan ba, waɗanda suke zuƙe ƙananan halittun ruwa. A 2020 ƙungiyar Enrico Coen a Norwich ta Ingila ta nuna cewa cikin jakar fuskar ganye ce, kamar a tulu, kuma ƙwayoyin gadon nan na fuska da baya su ne suke raba zaren da jakar, gwargwadon faɗin wurin da kowacce ta mamaye a toho. Ana ɗiban sa da ƙwarya daga bakin tafki wajen ƙarshen damina, a zuba a farin faranti da ruwansa, a duba da gilashin ƙara girma. Jakunkunan da suka yi kamu sun fi duhu, waɗanda ke kusa da bakin toho kuwa ba su gama ƙira ba, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya daga ƙarami zuwa babba.